Wa ya mallaki sunan gari? Tarihin tambarin asali daga Faransa zuwa Galmi



Kowa a cikinmu ya san yadda sunan gari yake ƙara wa kaya daraja a kasuwa. Mai albasa zai ce maka ta Aliero ce ko ta Galmi, mai kifi ya ce bandar Baga ce, mai citta ya rantse daga Kachiya aka ɗauko ta. Haka kakanninmu fatake suka yi da goron Gwanja da gishirin Bilma da rawani ɗan Kura. Da zarar an kira sunan, mai saye ya rage dogon ciniki, domin ya san abin da zai tarar in ya kai gida. To, in ƙarya mai tallan yake yi fa? Mai saye an cuce shi sau ɗaya, gobe ba zai dawo ba. Amma manomin garin da aka ari sunansa kullum ana cutarsa, alhali bai ma san an yi ba, kuma ba shi da inda zai kai ƙara.

Wannan matsala ce ta haifar da abin da za mu kira tambarin asali, wato dokar da ke cewa suna kaza na mutanen wuri kaza ne, ba mai liƙa shi a kan kaya sai wanda ya samar da kayan a wurin, bisa hanyar da aka amince da ita. Ya bambanta da tambarin kamfani. Mai kamfani yana iya sayar da tambarinsa, ko ya kwashe masana'antarsa ya koma wata ƙasa da shi. Tambarin asali ba a sayar da shi, ba a ƙaura da shi, kuma duk ɗan yankin da ya bi sharuɗɗa yana da haƙƙi a cikinsa.

Sai mai karatu ya yi haƙuri da mu kaɗan, domin farkon labarin a gonakin inabi da rumbunan giya na Faransa ya faru. Mu ba ma'abota wannan abu ba ne, amma dokar da aka ƙirƙira dominsa ita ce yau take kare cuku da zuma da ganyen shayi da albasa.

A wajajen 1863 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka a jikin dashen inabi. Saiwa yake ci, sai a ga itace ya yi ta ƙeƙashewa har ya mutu. Cikin shekaru kamar talatin ya cinye kaso mai yawa na gonakin inabin ƙasar. Daga ƙarshe aka gano magani, shi ne a yi wa itacen aure, kamar yadda masu lambunmu suke wa mangwaro: saiwa ta Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, reshe na Faransa. Aikin ya ci kuɗi, ya ci shekaru. Kafin gonaki su farfaɗo kuwa 'yan kasuwa sun riga sun koyi algus. Ana haɗa busasshen inabi da sukari da ruwa da launi, a ɗura a kwalba, a manna mata sunan duk garin da aka ga dama. Da gonakin suka dawo da yabanya, masu algus ba su daina ba, ga kuma kayan Aljeriya na shigowa da araha, sai farashi ya faɗi warwas.

A ranar 1 ga Agusta 1905 majalisar Faransa ta yi dokar hana ha'inci a kayan abinci da na sha, wadda ta haɗa da yin ƙarya game da asalin kaya. Dokar ba ta kwantar da hankalin manoma ba. A 1907 manoman kudancin ƙasar suka fito zanga-zanga ƙarƙashin jagorancin Marcelin Albert, har taron birnin Montpellier na ranar 9 ga Yuni ya haura mutum rabin miliyan. Sojoji sun buɗe wuta a Narbonne, an rasa rayuka.

Akwai kuma wani abu da dokar 1905 ta bari a buɗe. Kafin ka hukunta wanda ya yi ƙaryar sunan wuri, dole ka faɗi inda wurin ya fara da inda ya ƙare. Ƙasar Fotugal ta taɓa yin haka tun 1756, lokacin da ta kafa ginshiƙan dutse ta kewaye gonakin kwarin Douro. Gwamnatin Faransa ita ma ta ɗauki alƙalami ta fara shata iyaka daga Paris, kuma a nan ne rigimar gaske ta tashi.

A Disambar 1908 aka fitar da iyakar yankin Shamfen. An sa gonakin jihar Marne da wani sashe na Aisne, aka bar jihar Aube a waje. Abin ya yi wa mutanen Aube ciwo ƙwarai, domin babban birninsu Troyes shi ne tsohuwar hedikwatar lardin Shamfen tun zamanin sarakuna. A ce maka kai ba ɗan gidanku ba ne, da takarda mai hatimi! Su kuwa manoman Marne da aka sa a ciki, nasu kukan daban ne. Manyan kamfanonin Reims da Epernay suna sayo inabi da giya mai araha daga wasu yankuna, su sarrafa a rumbunansu, su sayar da sunan Shamfen, su kuma karya farashin inabin maƙwabtansu. Damina ta yi ta ɓaci shekaru a jere, ta 1910 kuwa kusan ba a girbi komai ba. Yunwa ta shiga ƙauyuka alhali rumbunan attajirai cike suke.

A Janairun 1911 manoman ƙauyen Damery da na kewaye suka fara fasa rumbunan 'yan kasuwar da suke zargi, suna tuntsurar da ganguna. A Aube kuma 'yan majalisun ƙauyuka suka yi ta ajiye muƙamansu, aka ƙona takardun haraji, manoma suka yi tattaki zuwa Troyes da fartanyu a kafaɗa suna neman a sa su a ciki. Da majalisar dattawa ta nuna tana son a soke iyakar gaba ɗaya don a huta, sai 'yan Marne suka harzuƙa. Ranar 12 ga Afrilu suka afka wa garin Aÿ, suka cinna wa gidaje da rumbunan 'yan kasuwa wuta. Sai da gwamnati ta jibge dubban sojoji a yankin. Aka yi sulhun je-ka-na-yi-ka, aka ba Aube matsayin Shamfen mai daraja ta biyu, kuma ba ta samu cikakken shiga ba sai 1927.

Mun daɗe a kan wannan rikici ne saboda yana nuna abin da masu tallata tambarin asali ba su cika son faɗa ba. Layin da aka ja a taswira yana azurta wani, ya tsiyata maƙwabcinsa. A yau hekta ɗaya ta gonar inabi a cikin iyakar Shamfen tana haura yuro miliyan ɗaya, gonar hatsi da ke tsallaken layin kuwa kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta. Ƙasar kusan iri ɗaya, ruwan sama ɗaya.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta janye hannunta. Dokar 1919 ta ce kotuna su riƙa yanke hukunci a kan wanda ya cancanci suna. Wannan ma ya zo da tasa ɓarakar. Muddin gonarka tana cikin yankin, suna naka ne, ko da kuwa ka shuka iri marar kyau mai yawan 'ya'ya ka cika kasuwa da shi. Wato an hana baƙo ɓata suna, an bar ɗan gida yana ɓatawa.

Masu cuku ne suka fara toshe wannan ƙofa. Ƙauyen Roquefort yana gindin wani dutse da ake kira Combalou a kudancin Faransa. Dutsen ya rufta tun zamanin da, ya bar koguna masu tsagogi da iska mai sanyi da laima ke bi ta cikinsu. A nan ake ajiye cukun madarar tumaki har wata irin fumfuna mai shuɗi-shuɗi ta ratsa shi, ita ce kuma take ba shi ɗanɗanon da ake saye da tsada. (Mu da muke zubar da abinci in ya yi fumfuna, sai mu ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.) Tun 1666 kotun Toulouse ta yanke hukuncin hukunta masu sayar da na jabu. Dokar 26 ga Yuli 1925 ta ƙara wani abu sabo: ban da wurin da za a ajiye cukun, ta faɗi yadda za a yi shi, ta ce madarar tumaki zalla, ba a yarda a surka da ta shanu ba.

Shekaru goma bayan haka, a ranar 30 ga Yuli 1935, aka kafa tsarin da duniya ta sani da AOC, bisa ƙoƙarin wani ɗan majalisa masanin noma, Joseph Capus, da Baron Le Roy na Châteauneuf-du-Pape. Kowane suna ya samu kundin sharuɗɗa: iyakar wuri, irin da za a shuka, yawan amfanin da ba za a wuce ba a hekta, da hanyar sarrafawa. Masu sana'ar ne suke tsara kundin, hukuma ta duba ta sa hannu, sannan a riƙa bin sawu. A ganinmu wannan shi ne ainihin abin da Faransa ta ƙirƙiro. Manoma sun yarda su ɗaure kansu da kansu, su rage yawan abin da suke fitarwa, su bar mai bincike ya shiga gonarsu, a madadin doka ta kore musu masu satar suna.

Daga nan tsarin ya bazu. An yi yarjejeniyar Lisbon a 1958, Tarayyar Turai ta yi nata dokar ta kayan abinci a 1992, sannan yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta ɗora wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya nauyin kare irin waɗannan sunaye, ko da yake ta ba kayan maye kariya fiye da ta abinci. Amurka da Ostireliya ba su taɓa sakin jiki da tsarin ba. Hujjarsu ita ce baƙin haure daga Turai sun zo da sana'o'insu da sunayensu, sun shekara ɗari suna yi, don me yau za a ce su canza suna? Hujjar ba ta banza ba ce, domin suna yana iya kuɓuce wa masu shi. Cheddar ƙauye ne a Ingila, amma yau ko'ina a duniya ana yin cuku da sunan. A 1926 wata kotun Faransa ta ce Camembert ya zama sunan kowa, sai daga baya mutanen Normandi suka samu kariya ga nasu ta hanyar haɗa shi da sunan yankinsu. Girka kuwa ta yi shekaru tana shari'a da Denmark da Jamus kafin kotun Turai ta tabbatar mata da Feta a 2005.

To, shin tambarin yana raya karkara kamar yadda ake faɗa? Misalin da ya fi gamsar da mu shi ne cukun Comté na tsaunukan Jura, kusa da iyakar Suwizalan. Dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, kuma yana cin madara lita 400 ko kusa da haka. Ba ƙaramin makiyayin da zai tara wannan a rana ɗaya, don haka tun ƙarni na 13 mutanen ƙauyukan suke haɗa madararsu a ɗakin cuku guda na gama-kai, a raba riba gwargwadon abin da kowa ya kawo. Da Comté ya samu tambari a 1958, sai suka yi amfani da kundin sharuɗɗa suka kare wannan tsari. Shanu sai 'yan asalin yankin, Montbéliarde ko Simmental. Ba a ba su ciyawar da aka turbuɗe ta yi tsami. Kowace saniya sai an ware mata filin kiwo da bai gaza hekta ɗaya ba. Cuku ba ya fita kasuwa sai ya kwana 120 a rumbu. Sharaɗin da ya fi burge mu shi ne na nisa: kowane ɗakin cuku daga cikin da'ira mai faɗin kilomita 25 kawai zai tara madara. Da wannan layi ɗaya suka hana wani babban kamfani ya gina ƙatuwar masana'anta ya shanye madarar lardin duka. Shi ya sa har yau akwai ɗakunan cuku fiye da ɗari a warwatse cikin ƙauyuka, da gonaki fiye da dubu biyu, kuma makiyayan suna sayar da madararsu sama da farashin sauran Faransa. Ba a rasa ƙorafi ba, domin masu kare muhalli suna kukan takin shanun yana gurɓata kogunan yankin. Amma matasa suna zama a ƙauye su gaji iyayensu, abin da ya yi wuya a wurare da yawa na Turai.

Sai mu dubi Darjeeling a gindin tsaunukan Himalaya. Indiya ta yi dokarta a 1999, kuma ganyen shayin Darjeeling ne ya fara samun rajista a 2004. Akwai dalili mai ƙarfi, domin an daɗe ana kukan cewa abin da ake sayarwa a duniya da sunan ya ninka abin da tsaunukan suke fitarwa. Tambarin ya taimaka wajen rage wannan. Sai dai su wa ke cikin iyakar? Manyan gandaye 87 ne, gadon Turawan mulkin mallaka, mallakin kamfanoni. Matan da suke tsinkar ganyen, waɗanda yawancinsu jikokin 'yan ci-ranin Nepal ne, ba su da gona, ba su da kujera a inda ake tsara sharuɗɗa, ladan yini ake biyansu. Tambarin ya tarar da arziki a hannun masu gandu, ya kuma bar shi a nan. Dokar kusan iri ɗaya ce da ta Comté. Bambancin yana ga wanda ya riƙe alƙalami ranar da aka rubuta kundin.

A Afirka, hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ita ce ke yi wa ƙasashe 17 rajista, yawancinsu rainon Faransa, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi. A 2013 ta ba da tambarinta na farko ga masoron Penja, wanda ake nomawa a ƙasa mai toka ta tsohon dutse mai aman wuta, da farar zumar Oku, duka a Kamaru. Masoron Penja ya samu karɓuwa har Tarayyar Turai ta yi masa rajista a 2022. Da farashinsa ya tashi, manoma suka ƙaru, ɓarayin gona da masu jabu su ma suka ƙaru.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na albasar Galmi. Galmi gari ne a jihar Tawa, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, kuma manoman kwaruruwan wannan yanki, Hausawa 'yan uwanmu, sun daɗe suna zaɓen irin wata albasa mai launin shunayya, mai yaji, mai kaurin miya, mai jure ajiya. Manyan motoci suna kwasarta zuwa Accra da Abidjan da Kwatano da Lome. A shekarun 2000 sai ga wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin da ake kira Violet de Galmi. Da labari ya fito, ƙungiyoyin manoma suka yi ca, gwamnatin Nijar ta ƙalubalanci buƙatar, kamfanin ya saki sunan. Wannan tsoro ne ya zaburar da Nijar ta nemi tambarin asali, kuma cikin 'yan shekarun nan OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista.

Muna taya su murna, amma aikin yana gaba. Sunan Violet de Galmi ya riga ya zama sunan iri, ana sayar da shi a gwangwani, ana shuka shi a Burkina Faso da Mali da Senegal. Manomin can da ya sayi irin da kuɗinsa, me zai kira albasarsa? Ciwon Camembert ke nan. Sannan ga tambayar Aube: ina Galmi ta ƙare? Mafi yawan albasar da ake kira ta Galmi ba a cikin garin ake noma ta ba, daga ƙauyuka da kwaruruwa masu nisa take fitowa, kuma kowannensu yana da hujjar a sa shi a ciki. Ga kuma batun bin sawu. Albasa a buhu take tafiya, tana sauya hannu daga manomi zuwa dillali zuwa mai mota zuwa ɗan kasuwar bakin teku, kuma a kowane zango ana iya zazzage buhu a cakuɗa. Ghana, wadda take cikin manyan masu saye, ba ta cikin OAPI, Najeriya ma haka, don haka takardar Yawunde ba ta da ƙarfi a kasuwanninsu sai an sake neman kariya a can. Manomin da bashi ya tilasta wa sayarwa da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya zube, ko wanda rabin albasarsa ta ruɓe a rudu, tambari kaɗai ba zai canza masa lissafi ba sai ƙungiyarsa ta samu rumbun ajiya da ƙarfin yin ciniki da baki ɗaya.

A Najeriya babbar dokar da ake dogaro da ita ita ce ta alamun kasuwanci ta 1965, wadda aka tsara domin tambarin kamfanoni. Alhali mun fi kowa sanin zafin rasa suna. Shekaru aru-aru majemanmu suna jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su rina ta da karan dafi, fatake su ɗora wa raƙuma su ratsa Sahara da ita zuwa Gadamas da Tarabulus da sauran biranen Arewacin Afirka. Turawa suka saye ta daga can, suka haɗa ta da sauran fatun da suke kira fatar Maroko, suka yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Sunan Sakkwato da Kano bai tsallaka teku ba. Akuyar nan ɗaya ce a ɓangarorin iyaka biyu, mu mu ce jar akuyar Sakkwato, su su ce ta Maraɗi. Nijar ta riga ta yi wa fatar ta Maraɗi rajista a OAPI a matsayin alamar haɗin gwiwa ta masu sana'ar. Tamu kuwa har yau tana fita daga majemun Kano zuwa Italiya da Sifen, a ɗinka jaka da takalmi da ita, a buga musu sunan ƙasar da aka yi ɗinkin.